Tiyon lagireto ya kumbura: zan iya canza shi da kaina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gombe, motata Corolla ce ƙirar 2005. Na lura tiyon sama na lagireto ya kumbura daf da inda aka ɗaure shi, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai na ƙara ruwa. Na gwada jan sa da hannu ya ƙi ko motsi. Ina da tafiya zuwa Yola, ina so in canza shi da kaina. Yaya zan cire shi ban yi ɓarna ba? Shi kaɗai zan canza? Kuma ruwa zan zuba ko kulant?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, aikin bai fi ƙarfin mai filaya da sukundireba da haƙuri ba. Amma kada ka ɗauki hanyar Yola da wannan tiyon. Tiyon da ya kumbura ya riga ya lalace daga ciki, jira kawai yake zafi da matsi su haɗu masa, kuma inda suke haɗuwa shi ne hawan tudu da rana tsaka, mota cike da mutane da kaya, ga AC a kunne, irin hawan da za ka tarar daga Billiri zuwa Kaltungo har Cham. Idan ya fashe ana cikin gudu, ruwan injin zai iya ƙarewa kafin ka lura allurar zafi ta tashi.

Na ji daɗi da ka ce ka ja ya ƙi, ka ƙyale shi. A wannan aikin tiyon ne abu mafi araha, abin da yake maƙale a jiki shi ne mai tsada. Lagireton motarka tsakiyarsa alminiyom ne, amma tankin sama da na ƙasa filastik ne, har da bakin da tiyon yake shiga. Filastik ɗin da ya shekara kusan ashirin yana shan zafi ba ya lanƙwasawa, karyewa yake kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Yawancin waɗanda suka zo mini da ɓarna bayan sun taɓa tiyo a gida, ba tiyon ne ya gagare su ba, bakin lagireton suka ɓalle wajen fizga, ƙaramin aiki ya koma sayen sabon lagireto. Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu cewa tsohon tiyon ba abin tausayi ba ne. Yanka shi za mu yi, mu tsirar da bakin.

Kafin mu kai ga wuƙa, ka fara gano abin da ya kumbura shi, don kada sabon ya bi sahun tsohon. Tiyon ruwa roba ce hawa biyu, da saƙar zare a tsakani. Zaren ne ke riƙe matsi, robar kuma ta hana ruwa fita. Dubi murfin lagiretonka, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1; ma'aunin matsin da yake riƙewa ke nan, kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Da gangan aka yi haka, domin ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a ƙarƙashin wannan matsin kuwa sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Duk lokacin da injin ya ɗau zafi tiyon yana ɗaukar wannan nauyin, ya huce ya sake. Da robar ciki ta tsage, ruwa ya kai ga zaren, zaren ya ruɓe, sai wurin ya buso waje. Tsagewar kuwa ta fi farawa kusa da bakuna biyun, tazarar yatsu biyu ko uku daga kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure tiyon, daidai inda ka ga naka.

Tsufa kaɗai ya isa ya yi haka. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke gaggauta shi. Na farko baƙin mai. Irin robar da ake yin tiyon ruwa da ita tana jure ruwan zafi da kulant, wato ruwan sanyaya inji mai sinadari, amma ba ta jituwa da mai ko kaɗan. Idan mai yana ɗiga a kanta daga gasket ɗin murfin injin, sai ta jiƙe, ta yi taushi, ta kumbura. Shafa hannunka a jikin tiyon. Idan ka ji danƙon mai, nemo inda yake fitowa ka gyara, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba. Na biyu matsin da ya wuce kima, ko dai murfin lagireto ya daina sakin matsi, ko kuma gasket ɗin tof, wato kan injin da ke rufe silinda, ya fara ƙonewa, iskar silinda tana kutsawa cikin ruwa. Wannan na biyun kana iya gwada shi da safe. Injin yana sanyi, ka buɗe murfin, ka cika ruwa, ka tayar da mota ka zuba ido. Idan kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, ko kuwa ka rufe murfin sai tiyon ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali injin bai ɗau zafi ba, to matsalarka ta fi tiyo. Haka in ka ga farin hayaƙi mai ƙamshi-ƙamshi yana fita ta salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma ruwan madara. Wannan aikin gareji ne, kuma tafiyar Yola sai an gama shi.

Ruwan da kake ƙarawa ma kada ka ɗora wa tiyon laifinsa kai tsaye. Ruwan da ke yoyo a jikin inji mai zafi bushewa yake kafin ya kai ƙasa, amma yana barin shaida, wani fari-fari ko ja-ja da ya bushe, ko tsatsa-tsatsa idan ruwan famfo ne a ciki. Ɗauki tocila ka bi gindin kowane kilif, ka bi layin da filastik ya haɗu da alminiyom a saman lagireto, ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwa wajen bel, ka taɓa kafet ɗin ƙafar fasinja na gaba ko ya jiƙe. Idan shaidar tana gindin tiyon da ya kumbura kawai, alhamdu lillahi.

Batun ko shi kaɗai za ka canza, ni shawarata ka canza na sama da na ƙasa tare. Rana ɗaya aka sa su, ruwa ɗaya suka sha, kuma tunda za ka zubar da ruwan injin ai gara ka yi wahalar sau ɗaya. Sauran kuma ka gwada su da hannu injin yana sanyi. Akwai guda biyu masu kaurin babban yatsa da ke shiga bangon da ya raba injin da cikin mota, na hita ke nan, da wasu ƙanana wajen totur, da siririn da ke zuwa robar ajiyar ruwa. Matsa kowanne da yatsa uku, a tsakiya da kuma kusa da bakinsa. Lafiyayye yana da ƙwari, ka sake shi ya dawo nan take. Wanda ya yi lugub, ko ya ƙage kana jin ƙaras-ƙaras a cikinsa, ko bakinsa ya fi tsakiyarsa taushi, ya gama aiki. Mutanenmu suna raina na hita saboda ba ma kunna ta sai lokacin hunturu, amma a wannan motar ruwa yana zagayawa ta cikinsu kullum, kuma ɗan ƙaramin tiyo yana ƙona inji daidai da babba.

Wajen saye, ka tafi da hoton tiyon a waya da shekarar motar, ka faɗi girman injinka. Tiyon lagireto an gasa shi ne a kan siffar motarsa, kowace lanƙwasa da dalilinta. Kada ka yarda da miƙaƙƙen tiyo a ce ka lanƙwasa shi, zai karye a kwana ya toshe hanyar ruwa. Duba bakinsa ka ga zaren a zagaye, ka matsa ka ji nauyi da ƙwari. Wanda ya yi shafal, ko yake bar maka baƙi a hannu, araha ce wadda ba ta ado. Za a kuma nuna maka na Beljiyom, a ce ai na asali ne. Gaskiya ne na asali ne, kuma a ƙarfe ni ma nakan zaɓi na Beljiyom, amma roba shekaru take ƙirgawa, kuma wanda aka ciro daga motar 2005 sa'an wanda kake son jefarwa ne. Ka haɗa da sabon murfin lagireto mai lamba ɗaya da naka. Idan ka taɓa ganin tiyon sama ya shanye ya lotse bayan mota ta huce, to murfin ne ya daina barin ruwa ya dawo daga robar ajiya.

Sai kilif. Wanda kamfani ya sa mai sifirin ne, mai kunnuwa biyu da ake matsewa da filaya. Da yawa daga cikin abokan sana'armu jefar da shi suke su sa mai sukuru, saboda ya fi sauƙin ɗaurawa kuma mai mota yana ganin an ɗaure tamau. Ban yarda da wannan ba, musamman a bakin filastik. Mai sifirin yana bin robar, ta kumbura da zafi ya buɗe, ta tsuke da sanyi ya bi ta, kuma matsinsa ɗaya ne a duk zagayen. Mai sukuru inda ka bar shi nan yake. Robar ta kwanta a ƙarƙashinsa ya yi sako-sako, ruwa ya riƙa tsattsafowa da asuba, in kuma ka ƙara masa ƙarfi ya yanki tiyon ko ya tsaga bakin. Muddin naka na asali bai yi tsatsa ba, kuma yana da ƙarfi idan ka matse shi, mayar da shi. Idan dole sai mai sukuru, nemi mai faɗi wanda cikinsa sumul ne, ka ɗaure da sukundireba da ƙarfin hannu kawai, ka sake dubawa bayan kwana biyu.

Ranar aiki ka fara da sassafe, motar ta kwana ba a tayar ba. Wannan ba don jin daɗi ba ne. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da ka buɗe murfi sai ya tafasa gaba ɗaya ya feso fuska da hannu. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, inda rana kan kai digiri 40, inji yakan yi sa'o'i bai huce ba, saboda haka kada ka dogara da cewa ka kashe ta tun ɗazu. Zare makulli ka sa a aljihu, in ka cire kan batir na baƙar waya ma ya fi, domin hannunka zai yi aiki kusa da fanka. Ɗauki hoton kowane tiyo da yadda kunnuwan kilif suke kallo.

Sa baho mai faɗi a ƙasa. A gindin lagireto akwai ɗan famfo na filastik mai kunne, murɗa shi da yatsa a hankali, sannan ka buɗe murfin sama don ruwan ya sauko da kyau. Idan ya ƙi murɗuwa kada ka sa masa filaya, shi ma yana karyewa. Bar shi, ruwan zai fita idan ka saki tiyon ƙasa. Injinka yana ɗaukar kimanin lita 6.5, ba duka zai fito ba, wani zai rage a cikin bulok, wato gangar jikin injin, da hita. Ina roƙonka da girman Allah ka kula da wannan bahon. Kulant guba ne mai kashe ƙoda, kuma yana da zaƙi, shi ya sa akuya da kaza da mage suke sha, yaro ma zai iya. Kada ka bar shi a buɗe a tsakar gida ko na minti biyar, kada ka zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, kada ka kwarara shi a kwata ko kusa da rijiya. Juye shi a tsohuwar jarkar baƙin mai ka rufe, wanda ya zube a ƙasa ka rufe shi da yashi ka kwashe.

Yanzu cirewa. Matse kunnuwan kilif da filaya, ka ja shi baya kan tiyon ya bar bakin gaba ɗaya, ka sake shi a hankali, don in ya kuɓuce yana tsalle. Za ka ga tiyon bai san ka cire komai ba, saboda shekaru sun manne robar da bakin. Ka riƙe tankin lagireton da hannu ɗaya, ka kama tiyon daf da bakin da ɗaya hannun, ka gwada murza shi dama da hagu kaɗan-kaɗan. Murzawa ce ke karya mannewar, ja ba ya yi. Idan ka ja, zaren ciki ƙara shaƙe bakin yake. Zuba masa ruwan ɗumi ya ɗan saki. Ka ji ya yi ƙas ya juya, to ka ci gaba da murzawa kana zarewa miƙe, ba kana karkata shi sama da ƙasa ba.

Idan ka gwada sau biyu ko uku ya ƙi, tsaya nan, ɗauko sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi. Tsaga tiyon za ka yi a tsaye, daga ƙarshensa zuwa inda bakin ya ƙare, ba yankan zobe ba. Kuma ba da zuwa ɗaya ba: ka ja reza sama-sama ta raba robar waje, ka sake ja ta tsinka zaren, ka bar ɗan siririn hawan ciki, sannan ka buɗa tsagar da yatsu ka ɓare shi. Dalilin wannan lallaɓawar shi ne, in reza ta taɓa bakin ta bar zane a tsaye, wannan zanen ya zama hanyar ruwa, kuma babu kilif ɗin da zai toshe shi. Abin da ba na so ka yi ko kusa shi ne cusa sukundireba tsakanin tiyo da bakin filastik kana banƙarawa. A ɓangaren injin, inda bakin ƙarfe ne, kana da ɗan sarari, za ka iya naɗa tsumma ka kama da babbar filaya ka murza, amma ko can reza ta fi sauri. Idan za ka taɓa na hita, to reza ce kawai, ba murzawa ba ja. Bututunta sirara ne, suna lotsewa, kuma in ɗaya ya tsage daga ciki sai an sauke dashbod kafin a kai gare shi.

Wajen tiyon ƙasa ka lura da wani abu idan motarka otomatik ce. Akwai ƙananan tiyo biyu da ke shiga tankin ƙasa na lagireto. Ba na ruwa ba ne, man giya ne ke bi ta ciki yana hucewa. Kada ka cire su, kada ka jingina hannu a kansu.

Da tiyo ya fita, duba bakin da kyau, a nan ne ake gane ko aikin zai riƙe. Bakin filastik lafiyayye baƙi ne mai santsi, da ɗan leɓe a ƙarshensa a zagaye. Idan ya koma ruwan ƙasa, ko ka karce shi da farce yana gari, ko leɓen ya gutsure, lagireton ya kusa, kuma gara ka sani a ƙofar gidanka da ka sani a Numan. Ba ya ɗaukar gam, ba ya ɗaukar faci. Goge shi da tsumma kawai. Bakin ƙarfe na jikin injin kuwa za ka iya tarar da farin ɓawo da ragowar tsohuwar roba; goge da samfefa mai laushi, kana zagayawa da ita, har ya yi sumul. Tunda tiyon ƙasa yana hannunka, ka sani cewa a wannan injin tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗau zafi, yana bayan bakin da tiyon ƙasa yake shiga. Idan wani ya taɓa cire maka shi da sunan maganin zafi, yanzu ne lokacin mayarwa. Na san al'adar ta yi ƙarfi a garejinmu, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, a ce ƙasarmu da zafi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafi ɗaya tsayayye, tamostat ɗinsa yana fara buɗewa wajen digiri 82. Idan babu shi, injin yana daɗewa bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar ta riƙa ƙara masa mai, kuma ainihin abin da ya kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba.

Sa sabon bai kai cirewa wuya ba. Jera shi da tsohon ka tabbatar tsawo da lanƙwasa da faɗin baki sun yi daidai. Zura kilif biyun a jikinsa tukuna. Shafa ɗan kulant ko ruwan sabulu a cikin bakinsa. Ban da giris, ban da baƙin mai, saboda dalilin da na faɗa a baya, kuma ban da gam. Tiyo mai kyau a kan baki mai tsabta ba ya bukatarsa, gam ɗin ma gutsurewa yake ya shiga ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Tura shi har ya kai maƙura, ka gyara zamansa yadda bai murɗe ba, bai taɓa fanka ko bel ko wani ƙarfe mai kaifi ba. Kilif yana zama bayan leɓen, ba a kansa ba, da ɗan ragowar tiyo a bayansa, kunnuwansa suna kallon inda filaya za ta same su nan gaba. Rufe famfon gindin lagireto da yatsa.

Sai tambayarka ta ƙarshe, kuma amsata kulant. Na sha jin ana cewa ai don ƙanƙara aka yi shi, mu kuwa ba mu da ita. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Gaskiya ne zallan ruwa yana kwasar zafi da kyau, har ya ɗan fi kulant, shi ya sa mai zuba ruwa ba ya ganin illa a watannin farko. Illar a ɓoye take. A cikin hanyar ruwan akwai alminiyom da ƙarfe, ruwa zalla yana cin su, ruwan bohol da na rijiya kuma suna ajiye farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto har su toshe. Kulant yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kare sil ɗin famfon ruwa, kuma haɗin rabi da rabi yana ɗaga tafasa zuwa wajen digiri 107 a buɗe, ya wuce 125 a ƙarƙashin murfi. Shi kansa tiyon ya fi daɗewa a cikin ruwa mai tsabta.

Na Toyota iri biyu ne da za ka fi gani. Mai ruwan hoda a haɗe yake, ba a ƙara masa ruwa, kuma kamfanin ya ce a riƙa canza shi duk bayan kilomita 80,000 bayan zubin farko. Ja kuma mai kauri ne, ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka tabbatar tataccen ruwa aka ba ka, ba asid ba. Karanta jikin jarka, kada ka dogara da launi, domin rini ne kawai, kuma akwai masu sayar da ruwa mai launi da sunan kulant. Idan abin da ya fito daga motarka jan tsatsa ne, ko ba ka san irin kulant ɗin da ke ciki ba, wanke ta tukuna: cika da ruwa mai tsabta, tayar har ta ɗau zafi, bari ta huce, zubar, maimaita har ya fito garau. Bayan wanki ruwa yana raguwa a cikin bulok, don haka mai kauri ya fi dacewa a wannan halin. Zuba lita 3 da ɗoriya nasa, ka cike da tataccen ruwa.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne fitar da iska, saboda ganin tiyo ya zauna sai a ɗauka an gama. Duk wanda ya zubar da ruwan inji ya shigar da iska, kuma iska tana taruwa a wuri mafi tsayi, wato cikin tof, inda zafi ya fi yawa. Wurin da iska ta tsaya ruwa ba ya taɓa shi. Abin tsoron shi ne na'urar auna zafi ruwa take aunawa. In iska ta kewaye ta, allura za ta iya nuna maka lafiya lau alhali tof yana gasuwa. Saboda haka ka faka motar gabanta ya ɗan fi bayanta tudu. Sa mazurari, ka zuba a hankali, siririn zubi, kana matsa tiyon sama da na ƙasa kana sakewa, za ka ji yana gurgur yana shanyewa. Ka cika har wuya, ka cika robar ajiya zuwa layin sama. Mayar da kan batir, kashe AC, juya hita zuwa ƙarshen zafi, tayar da mota murfi a buɗe, ka bar ta tana silo.

Yanzu sai jira, kana tsaye a gefe, ba fuskarka a kan bakin ba. Tiyon sama zai fara ɗumi, na ƙasa yana sanyi. Bayan minti goma zuwa ashirin tamostat zai buɗe, na ƙasa ya ɗau zafi, ruwan da ke bakin lagireto ya ragu, kumfa ta taso. Cike shi. Ɗan taka totur har allurar juyin inji ta kai 2,000 ko 2,500 na 'yan daƙiƙu, ka sake, sau da yawa, kana cikewa. Idan kumfa ta yanke, ruwan ya fara tasowa zai zube, rufe murfin da tsumma a hannu. Shiga ciki ka ji hita: iska mai zafi sosai alama ce ruwa ya zagaya, mai sanyi ko ɗumi-ɗumi kuwa akwai sauran iska. Ka bar ta har fanka ta tashi da kanta ta tsaya sau biyu, allura tana zaune ƙasa da rabi kaɗan, kana haska gindin kowane kilif. Sannan ka kashe, ka bar ta ta huce sarai, ka buɗe murfin ka cike, ka daidaita robar ajiya. Wannan tsarin na Corolla ne da irinta. Golf da Sharon ta robar ajiya ake cika su, Peugeot 406 kuma tana da ƙananan sukurori na fitar da iska da dole a buɗe su.

Kada ranar aiki ta zama jajibirin tafiya. Ka ba ta kwana biyu ko uku a cikin gari, ka kuma yi mata gwaji ɗaya mai ɗan nisa da AC a kunne, kamar zuwa Kumo ko Dadin Kowa ka dawo. Kowace safiya kafin ka tayar, buɗe murfin lagireton kansa ka gani, kada ka tsaya ga robar ajiya kaɗai. Raguwa kaɗan a safiyar farko ba komai, ragowar iska ce ta fita. Idan har safiya ta uku yana raguwa, akwai inda yake bi, sai ka kai a sa masa famfon gwajin matsi a gareji.

A but ɗinka ka ajiye lita 4 ko 5 na ruwa, da filaya da sukundireba, da kilif mai sukuru guda biyu, a nan ne yake da amfani, da tsohon tiyon ƙasa idan ya fita ba yanka. In Allah ya kiyaye allura ta tashi a hanya, kashe AC, kunna hita zuwa ƙarshe, ka sauka gefe ka kashe injin. Kada ka buɗe murfi, kada ka watsa wa injin ruwan sanyi, tof na alminiyom yana karkacewa. Jira aƙalla rabin sa'a zuwa sa'a guda, har ka iya riƙe tiyon sama da hannu ka ji ya saki, sannan ka buɗe da tsumma a hankali ka zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Idan ka ƙara ruwa mai yawa a hanya, ka tuna kulant ɗin ya tsinke, sai ka sake haɗinsa idan ka sauka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.